Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga limamai da masu wa'azi na Garwa: kafin a sake tsine wa ɗan tramol

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah Ya gafarta malamai, Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ni ɗanku ne, haifaffen Garwa, malamin boko, ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a cikin gari. A gaban wasunku na yi karatun allo, wasunku kuma a bayansu nake sallah tun ban fara azumi ba. Ban isa in yi muku fatawa ba, ba kuma ita ta kawo ni ba. Wata Juma'a ce ta bara ta tsaya mini a rai, na rasa inda zan kai ta sai wurinku.

Ranar na yi ta lallaɓar autanmu har ya yarda ya bi ni masallaci, bayan ya yi kusan shekara rabonsa da Juma'a. Ɗan kilando ne, wato mai ɗaukar fasinja a babur, kuma duk unguwa an san yana shan tramol. Muna zama sai ga huɗuba a kan shaye-shaye. Liman ya faɗi gaskiya da yawa, ba ni da ja. Amma da ya zo ƙarshe sai ya ce waɗannan yara su suka zaɓar wa kansu halaka, ba su da amfani ga iyayensu balle ga addini, ya roƙi Allah Ya tsine musu, masallaci ya ɗauka da amin. Har yau ina jin amin ɗin dattijon da ke gefenmu, mutumin da ya san mu, ya san mahaifinmu. Na saci kallon yaron, ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma da yatsa. Ana sallamewa ya zari takalmansa. A hanya magana ɗaya ya yi: "Yaya, ai ka ji. An gama da mu." Daren nan bai kwana gida ba.

Tun daga nan nake juya tambayar da ake ta musu a kanta a teburin mai shayi: wannan jaraba cuta ce, ko kuwa ganganci? Wani zai ga kamar musun banza ne. A gidan da abin ya shiga, amsar ita ke yanke inda za a kai yaro gobe da safe, komisariya wurin 'yan sanda, ko gidan mari, ko asibiti. Kuma mutanenmu daga bakinku suke ɗaukar amsar. Mahaifiyata ba ta san wani likitan ƙwaƙwalwa ba, amma ta san abin da liman ya ce.

Bari in fara da ɓangaren da kuke da gaskiya. Ba wanda ya danne yaron nan ya ɗura masa ƙwaya. Yana ɗan shekara 19 ya karɓi babur ɗin wani, da sharaɗin zai kai masa sefa 2,500 kowace yamma, ko an samu fasinja ko ba a samu ba. Kafin wannan akwai kuɗin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin titi, bayansa ne zai fara neman na bakinsa. Kun san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, ya wuce maki 40, kwalta kamar ta narke. Wani abokin aikinsa ya raba ƙwaya biyu ya jefa masa rabi a kofi, ya ce maganin gajiya ne. Ya san ba daga hannun likita ta fito ba, ya kuma ga waɗanda ta lalata, amma ya sha. Wannan zaɓinsa ne, laifinsa ne, kuma ban taɓa wanke shi a kai ba.

Abin da nake roƙo ku duba shi ne, wanda ya sha rabin farko da wanda yake haɗiye biyar kafin a yi kiran assalatu bayan shekara uku, sunansu ɗaya amma jikinsu ba ɗaya ba.

Tramadol, wanda muke kira tramol, maganin ciwo ne na gaske. Wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shi a 1977, kuma dangi ɗaya ne da mofin da ake yi wa wanda aka yi wa tiyata. A asibiti ƙwayar miligiram 50 ko 100 ake bayarwa, kuma ba a yarda babban mutum ya wuce 400 a yini ba. Wanda ake sayar wa yaranmu a kan tebur da cikin leda kuwa, an rubuta masa 120, ko 200, ko 225. Ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta haure iyakar yini guda. Yawancinsa daga Indiya yake fitowa, har Indiyar ma sai da ta sa shi cikin dokar miyagun ƙwayoyi a 2018.

Ga yadda yake kama mutum, kamar yadda nake koya wa ɗalibaina. Allah Ya halitta wa jikinmu nasa sinadarin kwantar da ciwo da sanya nishaɗi, da wuraren da yake sauka a ƙwaƙwalwa. Tramol yana zuwa ya zauna a waɗannan wuraren, da ƙarfin da ya fi na halitta. Idan aka yi ta yi kullum, sai jiki ya daidaita kansa da baƙon: wuraren su dushe, abin da ɗaya ke yi jiya yau sai biyu. Ranar da ba a samu ba kuwa, jikin da ya jingina da shi sai ya zube. A wannan matakin yaro ya daina sha don jin daɗi. Yana sha ne don ya iya miƙewa ya wanke fuska kamar kowa. Hausawa sun ce sabo turken wawa, to wannan turken a cikin jijiya aka kafa shi. Shi ya sa likitocin duniya suka sa shi a jerin cututtuka: ƙungiyar likitocin Amurka ta kira jarabar giya ciwo tun 1956, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana lissafa kamuwa da irin waɗannan ƙwayoyi a kundinta na cututtuka.

Akwai wani labari na ƙasarmu da ya kamata kowane mai hawa mumbari ya sani. A 2013 wasu masana daga Faransa suka ba da sanarwar sun samu tramadol a saiwar tafashiya da aka tono a nan arewacin Kamaru. Duniya ta yi mamaki, wai itace na haɗa maganin da ake zaton sai a masana'anta. Shekara na zagayowa wasu masanan daga Jamus tare da 'yan ƙasarmu suka sake bin sawu, suka gano ba itacen ke yin sa ba. Manoma ne ke sha, suna kuma bai wa shanun huɗa don su jure aiki cikin rana. Shanun su je su yi fitsari da kashi a gindin itace, ƙasa ta shanye, saiwa ta zuƙa. Har a ƙasa da ruwa an same shi. Allah gafarta malam, abin da ya kai ga shiga saiwar itace a daji, ya wuce a ce rashin tarbiyyar 'ya'yan wane da wane ne. Sa bai zaɓi komai ba, amma an ɗura masa saboda dalilin da ya sa ƙanena ya sha: aikin ya fi ƙarfin jikin, kuma dole a yi shi.

Yanzu ga nawa laifin, don kada ku ɗauka na zo nuna yatsa ne kawai.

Wata rana aka kira ni cewa ya faɗi da babur kusa da gadar Binuwai. Allah Ya sa ba fasinja. Waɗanda suka gani sun ce kafin ya faɗi jikinsa ya sandare, yana kan ƙasa yana shure-shure, kumfa a baki. Nan take aka kasu, masu cewa iska, masu cewa farfaɗiya. Ni na san tramol mai yawa yana kawo irin wannan jijjigar. Da na ɗaga kujerar babur ɗin, fankon katin ƙwaya ne cunkushe, kowane da 225 a jiki. Duk da abin da na sani, duk da allon da nake zana ƙwaƙwalwa a kai, da kawunnanmu suka ce a kai shi wurin wani malami a ƙauye mai ɗaure irinsu, ban ce uffan ba. Kunya ta ishe ni, na gaji, ina son a ɗauke shi daga idon mutane. Ni na riƙe ƙafarsa aka sa marin.

Kwana uku na koma duba shi. Lokacin hunturu ne, amma rigarsa sharkaf da gumi. Hamma yake yi ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina na zuba, ba kuka yake ba, haka kawai suke zuba. Gudawa ta hana shi sakat, ga mari a ƙafa, ba na son in faɗi yadda na samu ɗakin. Ƙafafunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya, har ƙarfen ya ci masa idon sawu. Ya ce ƙasusuwansa ne kamar ana sara, kansa kuma kamar ana jona masa lantarki. Wani almajiri ya ce mini aljanin ne ke fita. Na tsaya ina kallon abin da ke cikin littafin da nake koyarwa, layi bayan layi, a jikin ɗan uwata. Ya kama bakin rigata ya ce, "Yaya, ko rabi, don Allah." Na ɓamɓare hannunsa na fita. A kan hanyar dawowa na tsayar da babur na yi kuka.

Wata biyu ya yi. Ya fito ya rame, ya yi shiru, kowa na cewa alhamdu lillahi ya shiryu. Kwana tara ya koma. Babu abin mamaki a ciki: an mayar da shi tashar da ya bari, da abokan da ya bari, da bashin mai babur da ya taru, aka ƙara masa tabo a ƙafa da ƙiyayyarmu a zuci. Kuma akwai hatsarin da ba a faɗa wa iyaye: wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya sauka, in ya koma ya sha adadin da ya saba a da, zai iya kashe shi. Kun ji abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, mutum sama da 300 a gida ɗaya, da yawansu cikin sarƙa. Iyayensu ba mugaye ba ne. Irina ne, sun rasa inda za su kai.

Abin da ya ba ni ƙarfin halin rubuto muku ba littafin boko ba ne, karatun da ku kuka karantar da mu ne. Ku kuka faɗa mana cewa ba rana ɗaya aka haramta giya ba. Aya ta 219 ta Baƙara ta fara cewa zunubinta ya fi amfaninta. Aya ta 43 ta Nisa'i ta hana kusantar sallah cikin maye. Sai daga baya aya ta 90 ta Ma'ida ta rufe ƙofa. Ku kuka kawo mana maganar Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa da a ce abin da ya fara sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za su taɓa barin ta ba. Ku kuka karanta mana a Bukhari labarin sahabin nan da ake yi wa laƙabi da Himar, mai ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dariya. An sha kawo shi saboda giya ana yi masa bulala. Rannan wani ya ce Allah Ya la'ance shi, sau nawa ake kawo shi! Sai Annabi ya hana a la'ance shi, ya shaida cewa yana son Allah da ManzonSa. A wani hadisin kuma, da mutane suka yi wa mashayi mummunar addu'a, cewa ya yi kada su taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Ku duba, ba a ɗage masa hukunci ba, ba a ce abin da ya yi daidai ne ba, amma an hana tsinuwa, kuma bai daina zama cikin jama'a ba. Ni dai a ƙaramin sanina, amin ɗin da muka yi ranar Juma'ar nan taimakon Shaiɗan muka yi. Shi ya kwana da ƙanena a daren.

Na san abin da wasunku ke tsoro, kuma tsoron yana da tushe. In aka ce cuta ce, sai kowane ɗan iska ya samu mafaka. Na gani da idona. Bayan na fara yi wa mutanen gidanmu wannan bayani, yaron nan ya ɗauke keken ɗinkin Inna ya sayar. Da na tsare shi sai ya ce, "Ai kai ka ce ciwo ne." Saura kaɗan in mare shi. Na ce masa kawunmu ma ciwon suga gare shi, ba shi ya roƙi Allah Ya ɗora masa ba, amma in ya ɗebi zuma ya sha ba wanda zai ce ƙaddara ce. Ciwo ya sa barin abin ya yi maka nauyi ninkin-ba-ninkin, bai ɗauke maka alƙalami ba. Keken Inna kuwa sai ka biya. Yana kan biya har yanzu, kaɗan-kaɗan.

Su kansu masanan ba su gama musun ba. Masu cewa akwai zaɓi a ciki suna kafa hujja da sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi waɗanda suka koma gida a 1971. Kusan ɗaya cikin biyar ya kamu da hodar heroyin a can. Kowa ya zaci ƙasar za ta cika da mashaya. Sai ga shi cikin waɗanda suka kamu, kimanin 5 cikin 100 ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko, wajen 12 cikin 100 a shekara uku. Suka ce to ina cutar da ba ta warkewa? Ni abin da na karanta a ciki daban ne. Waɗannan mutane sun bar filin yaƙi, sun bar inda hodar take da araha, sun koma inda ake jiransu da gida da aiki. Zaɓi yana nan, amma yana son wurin taka ƙafa. Namu yaran muna sakinsu daga mari mu mayar da su tsakiyar filin yaƙinsu, sannan mu ce sun ƙi shiryuwa.

To ga roƙona, Allah Ya gafarta malamai.

Ku ci gaba da cewa haram ne, don haram ɗin ne. Amma ku bar tsinuwa. A kowace Juma'a akwai uwar ɗan ƙwaya a bayan katanga tana saurare ta lasifika, akwai shi kansa wataƙila a sahun ƙarshe, ya yi wanka ya zo gwada ko har yanzu da wurinsa.

In kuma fushi ne, akwai inda ya fi dacewa da shi. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ƙwayar nan ba daga sama take faɗowa ba. Akwai mai shigo da ita kwali-kwali, akwai mai raba wa masu tebur, kuma ba duka baƙi ba ne a wurinku. Wasu a sahun gaba suke sallah, wasu an karɓi gudummawarsu ta ginin masallaci an sa musu albarka. Dokar ƙasar nan a kan miyagun ƙwayoyi tana nan tun 1997, amma wanda aka fi gani a bayan motar jandarma shi ne yaron da aka kama da kati ɗaya a aljihu. Ban taɓa jin huɗubar da ta tambayi mai babura goma ko halal ne ya karɓi cikakken kuɗinsa ranar da yaro ya yini kwance da zazzaɓi ba. Ban taɓa jin wadda ta yi wa mai gona magana a kan lebura da yake saya wa ƙwaya don a gama masa noman auduga da wuri ba.

Ku daina ba iyaye shawarar a yi masa aure zai natsu. An yi wa namu. Yarinyar kirki, wata takwas ta yi ta koma gidansu, kayan ɗakinta rabi ya tafi kasuwa. Aure ba asibiti ba ne, kuma ita ma 'yar wani ce.

Sannan ku taka da kanku ku je asibiti ku gana da masu kula da wannan fanni, ku ji yadda ake sauke mutum daga ƙwaya sannu a hankali a ƙarƙashin idon ma'aikacin lafiya, da abin da ake ba shi don gudawa da rashin barci da ciwon jiki. In uwa ta zo muku da kuka, ku yi mata addu'a, ku ba ta rubutu in kuna bayarwa, amma ku haɗa ta da wanda zai raka ta can. In liman ya ce a je, ba mai jin kunyar zuwa. Waɗanda ke ɗaure mutane da sunan addini kuwa, ku ne kaɗai za ku iya ce musu su kwance, don ba za su saurari irina mai wando da riga ba. Kuma cikin zakkar da ke bi ta hannunku, ku tuna da wanda ya fito yana neman sana'ar da za ta raba shi da tasha. Kada ku manta da mata. Su ba a ganinsu a bakin titi, a cikin ɗaki suke shan nasu, na tari da na barci, kuma in asiri ya tonu ba mari ake kai su ba, takarda ake ba su.

Namu dai wani ma'aikacin jinya ne ya karɓe shi a ƙarshe, bai zage shi ba, ya zauna ya rubuta masa yadda za a riƙa ragewa mako-mako. Ya bar kilando. Wani bakanike a unguwarmu, tsohon mashayi shi ma, ya ɗauke shi yana koya masa gyaran babur, kuma shi ke tashinsa da asuba. Wata bakwai ke nan. A ciki ya zame sau ɗaya, bayan sallar layya, ya zo da kansa ya faɗa mini. Ban san abin da gobe za ta kawo ba, Inna ma har yanzu da makullin ɗakinta a ƙugu take kwana.

Jiya ya tambaye ni ko zan biya masa in za ni Juma'a. Na ce to. Ya ce amma a waje zai shimfiɗa buzunsa, kusa da inda ake ajiye babura, in ya ji an fara sai ya tashi ba tare da ya tsallaka kowa ba. Ramammen nan ne mai baƙin mai a farce, yana sa safa ko da zafi saboda tabon ƙafarsa.

Allah Ya gafarta mini inda na yi kuskure ko na wuce gona da iri.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
wani malamin makaranta a Garwa